Wai ƙwayoyin gado ne ke halittar zuciya?

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. A wajen walima a Tudun Wada wani dattijo ya kira ƙanwata "mai kiwon ƙuda", mutane suka kwashe da dariya. Yarinyar nan a Zariya ta yi digirin farko, ta tafi Jamus ta yi na uku kan yadda gaɓoɓin jariri ke haɗuwa a cikin uwa. Ta dawo gida, wata jami'a ta ba ta ofis, babu ɗakin gwaji, ko firji mai riƙe sanyi babu. Wallahi aikinta ya fi na likita goma amfani. Likita galibi sai an haifi yaro da rami a zuciya yake gani, ita kuwa tana bin diddigin ƙwayoyin gadon da ke halittar zuciyar tun daga tushe.

Ustazu: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, goge wannan. Ƙwayoyin gado ke halitta? A'uzu billahi. Mahalicci ɗaya ne.

Ɗan Rigasa: Malam, ba haka nake nufi ba, kai ma ka sani.

Ustazu: Abin da ka rubuta na karanta. Kuma ka duba Suratul Hajji aya ta 73, ƙudan nan ma da ake kiwo Allah ya ce waɗanda ake kira baicinsa ba za su iya halittarsa ba, ko da sun taru.

Malamin Bayoloji: Allah gafarta Malam, ai ba wanda ya ce an halicci ƙuda. Kallonsa ake yi. Ɗan ƙaramin ƙudan nan ne da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba a Kasuwar Barci, wajen kwana goma yake yi daga ƙwai zuwa babba, shi ya sa ake aiki da shi. Akwai wata ƙwayar gado da ake kira tinman, ƙudan da ya rasa ta zuciya ba ta fito masa sam. Aka duba mutum aka sami 'yar uwarta, NKX2-5, in ta sami tangarɗa ana iya haihuwar yaro da rami a zuciya. A 1995 wata Bajamushiya, Christiane Nüsslein-Volhard, da Amurkawa biyu, Eric Wieschaus da Edward Lewis, suka sami kyautar Nobel a kan irin wannan aiki na ƙuda.

Ustazu: Nobel ba hujja ba ce a wajena. Ya ce "halittar" ko bai ce ba?

Baban Amira: Ya ce. Muna gani.

Maman Khalifa: To ku da kuke sauraron rediyo kullum ana cewa "ƙwayoyin halitta", me ya sa ba ku taɓa rubuta musu takarda ba?

Ustazu: Hajiya, ƙwayoyin halitta daban, ƙwayoyi masu halitta daban. Na farko abin halitta ne, na biyu an ba shi aikin Ubangiji.

Baban Amira: To sai ya ce "ƙera" mana.

Malamin Bayoloji: Ƙira ta maƙeri ce. "Tsara" ya fi.

Ustazu: Mai tsarawa ma Allah ne.

Maman Khalifa: Ni nas ce, a ɗakin haihuwa nake. Kusan jariri ɗaya cikin 100 da matsalar zuciya ake haihuwarsa. Na ga jaririn da leɓɓansa ke yin shuɗi in yana shan nono, yana gumi, uwar tana ta kuka an ce mata iska ce. Zuciya tana fara bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki, lakar baya tana rufewa wajen kwana 28, lokacin mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Masu irin binciken nan ne suka gano haka, shi ya sa muke roƙon mata su fara shan folik asid, bitamin mai taimaka wa lakar rufewa, tun kafin ciki. Amma batun likita goma, Yaya, ka zarce. Wa zai yi wa yaron tiyata?

Ɗan Rigasa: Ke ma kin koma bayansu ke nan.

Ɗan Kawo: Ni tambayata, me ya kai ta Jamus? Ga cibiyar binciken ciwon sammore nan cikin Kaduna, tun zamanin Turawa suke aikin ƙuda.

Malamin Bayoloji: Wancan ƙudan tsando ne, cuta yake yaɗawa ga shanu da mutane. Ba aiki ɗaya ba ne.

Ɗan Kawo: Ƙuda ƙuda ne. Ku 'yan ABU komai sai kun nuna kun fi kowa sani.

Malamin Bayoloji: ABU tun 1962. KASU ɗinku, jami'ar jihar Kaduna, 2004. Sai ka yi haƙuri.

Ɗan Kawo: Tsufa ba ilimi ba ne.

Baban Amira: Kuma Ɗan Rigasa, tunda bakinka ya buɗe yau, ina kuɗin gudummawar da aka ce kowa ya tura tun kafin azumi?

Ɗan Rigasa: Me ya kawo wannan? Na tura, tambayi ma'aji.

Baban Amira: Tura mana shaida a nan.

Maman Khalifa: Don Allah ana maganar jarirai ne fa.

Ustazu: Har yanzu bai goge ba.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Ga abin da aka tsayar. Malam ya yi gaskiya, kuma ya kawo aya, ba wanda ya iya ba shi amsa. Ɗan Rigasa ya gyara kalmarsa kafin isha'i. Ita ƙanwarmu Allah ya sa wa karatunta albarka, amma da likitanci ta karanta da yanzu tana asibiti ba wanda zai yi mata dariya. Maganar jami'a kuwa, ni a Samaru na yi karatu, kowa ya san wadda ke gaba. Masu bashin gudummawa su ga ma'aji. Na rufe zaure sai da safe.