Farautar elk a lokacin kaka: me ya sa namun dajinsu ba sa ƙarewa, namu suka ƙare?

Jikan Maharbi, Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum. Ina gaida manya da ƙanana na wannan zaure. Ƙanena yana karatu a jihar Kolorado ta Amurka shekara biyu ke nan, kuma makon jiya ya kira ni ya ce iyayen wani abokin karatunsa sun gayyace shi farauta a tsakiyar watan Oktoba, za su hau duwatsu su yi kwana biyar suna neman wata dabba da suke kira elk. Da ya turo mini hotonta sai na ga abu mai siffar barewa, amma girmansa ya kusa na doki, da ƙaho mai rassa kamar busasshiyar itaciya.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin kakanmu maharbi ne a wajen Toro, kuma ina yaro na sha zama a kan fatar gwankin da ya harbo da hannunsa, alhali yau idan mutum ya yini a wannan dajin da ƙyar zai ga gada ko zomo. Ina roƙon masu sani su fayyace mini wace irin dabba ce wannan, me ya sa sai da kaka ake farautarta, da abin da ya kamata yaron ya sani kafin ya bi su. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yadda mutanen da suka fi mu bindigogi nesa ba kusa ba suke harbi kowace shekara, amma namun dajinsu na nan, mu kuwa namu sun ƙare.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji, Kubwa, Abuja

Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da sunan dabbar, domin a nan ake yawan samun ruɗani. Mun saba kiran duk wata dabba mai wannan siffa barewa, amma elk da danginta ba 'yan gida ɗaya ba ne da barewarmu, ko gwanki, ko kanki, ko mazo. Namu dangin shanu da awaki ne, ƙahonsu ba ya da rassa kuma ba ya faɗuwa har su mutu. Na elk kuwa ƙashi ne zalla, namiji kaɗai ke da shi, yana faɗuwa kowace shekara wajen watan Maris, sannan wani ya tsiro lulluɓe da fata mai laushi, yana iya ƙaruwa da fiye da santimita 2 a rana guda, har ya bushe a watan Agusta. Babu irin wannan dangi a dazuzzukan Afirka kudu da Sahara. Namijin elk da ya ƙosa yakan kai kilo 320, macen kuma wajen kilo 230, wato ya fi babban gwanki nauyi.

Batun kaka kuma lissafi ne na rayuwar dabbar. Elk na haihuwa ne daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuni, don haka idan Oktoba ta yi ɗan ya riga ya iya kiwo da kansa. A lokacin ne kuma dabbobin suka fi ƙiba bayan sun ci ciyawar watannin ɗumi, ga sanyi ya fara sauka wanda ke hana nama lalacewa. Sannan hunturunsu ba irin namu ba ne, ƙanƙara ce ke rufe ciyawa wata da watanni, kuma idan garke ya fi ƙarfin abincin da ke ƙasa yunwa ce za ta kashe rarar, shi ya sa suke rage shi kafin ta zo. Barbarar elk takan kama daga Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin da mazan ke yin wani kuka mai kama da busar sarewa suna tara mata, mafarauta kuma su kwaikwayi kukan don namijin ya taso yana neman abokin faɗa. Ƙananan danginta, irin mai farar wutsiya, tasu barbarar sai Nuwamba.

Yanzu ga babbar tambayarka. Kada ka ɗauka ba su taɓa faɗawa ramin da muke ciki ba. An ƙiyasta cewa elk sun kai miliyan 10 kafin zuwan Turawa, amma a farkon ƙarni na 20 abin da ya rage bai kai 50,000 ba, ita ma mai farar wutsiya ta sauko zuwa kimanin 500,000. Masu harbi don kai nama da fata kasuwannin birane ne suka yi wannan ɓarna. A 1900 aka yi dokar Lacey wadda ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi kuma suka hana sayar da naman daji. A 1912 aka keɓe wa elk mafakar hunturu kusa da garin Jackson a jihar Wayomin. A 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda a ƙarƙashinta ake karɓar harajin kashi 11 cikin 100 a kan bindigogin farauta da harsasai, a raba wa jihohi don kula da namun daji da mazauninsu. Yau elk sun kai wajen miliyan 1, mai farar wutsiya kuwa ana maganar miliyan 30. Jihar Kentaki, inda elk suka ɓace gaba ɗaya, an sake kai mata kimanin 1,500 tsakanin 1997 da 2002, yanzu har ana farautarsu a can.

Abin da nake ganin shi ne gishirin al'amarin shi ne ƙidaya. Hukumar jiha na ƙirga garken, ta yanke adadin da za a iya cirewa a kowane yanki, ta sayar da lasisi daidai da haka, kuma kowane lasisi na dabba ɗaya ne, an rubuta ko namiji ko mace, da yankin, da kwanakin. Na yi shekaru ina aikin daji, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne muna da dokoki a takarda, tun daga dokar namun daji ta Arewa ta 1963 har zuwa ta 1985 mai kare dabbobin da ke shirin ɓacewa, amma ba kasafai muke sanin yawan abin da muke gadi ba.

Likitar Dabbobi, Bukuru

Na gode wa Baba da wannan bayani. Ni zan tsaya ne a kan lafiyar yaron da ta naman, Malam, domin farautar elk aiki ne mai nauyi ƙwarai.

Da farko ya tabbatar da takardunsa. A Kolorado duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949 zuwa yau sai ya yi kwas na koyon ƙa'idojin farauta kafin a sayar masa da lasisi, kuma dokar tarayyar Amurka ta hana baƙon da ke zaune da bizar karatu riƙe bindiga, sai dai idan ya shiga cikin waɗanda aka togace, kamar mai lasisin farauta mai aiki. Idan bai samu ba, ya bi su a matsayin ɗan rakiya, kada ya taɓa bindigar kowa ko da wasa. Lokacin farautar bindiga wajibi ne mafarauci ya sa riga da hula masu launin ruwan goro mai ƙyalli, ko ruwan hoda mai ƙyalli, don sauran mafarauta su hango shi, kuma wannan ba ya korar dabbar domin idonta ba ya bambance wannan launi kamar namu. Hancinta ne abin tsoro, shi ya sa kullum suke tafiya iska na bugun fuskarsu.

Kada ya ce shi ɗan Jos ne ya saba da tudu da sanyi. Jos tana kan tsayin mita 1,200 ne da 'yan kai, ƙololuwar duwatsun Shere ma wajen mita 1,800 ce, alhali elk a watan Oktoba sukan zauna a mita 2,500 zuwa 3,000, inda numfashi ke wuya kuma ƙanƙara na iya sauka dare ɗaya. Ya sha ruwa da yawa, ya sauko ƙasa idan ciwon kai da jiri suka matsa masa. Idan an dace an harbi dabba, a nan wahalar ke farawa, domin dole a feɗe ta nan take don zafin jikinta ya fita, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a zuba a buhunan yadi, a goyo a baya zuwa inda mota take, kuma tsokar namiji ɗaya na iya kai kilo 90. Barin nama ya ruɓe a daji laifi ne da ake hukunta mutum a kansa.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi shafar aikina, akwai wata cuta mai cinye ƙwaƙwalwar waɗannan dabbobi har su rame su mutu, dangin cutar haukar shanu ce, kuma a Kolorado ɗin aka fara gano ta a 1967. Dafuwa ba ta kashe abin da ke haddasa ta. Ba a tabbatar ta kama ɗan Adam ba, amma hukumomin lafiyarsu sun ba da shawarar kada a ci naman dabbar da gwaji ya nuna tana ɗauke da ita. Ya nemi a kai kan dabbar gwaji, ya jira sakamako, kuma ya guji ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya.

Almajirin Malam, Nasarawa Gwong

Tun da ƙanenka zai ci naman, Malam, ya kamata ya san hukuncinsa. Dabbar halal ce, kuma farauta halal ce ga wanda ba ya cikin harami, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida. Sharaɗin shi ne maharbi ya ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya ko harsashi, makamin kuma ya huda jikin dabbar ya zubar da jini. Idan ya iske ta da sauran rai tabbatacce, dole ya yanka ta. Idan kuwa wani daga cikin masu masaukinsa ne ya harba, malamai sun yi saɓani a kan farautar Ahlul Kitabi, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta an fi tsanantawa, don haka ya tambayi malamin da ya amince da shi tun kafin ranar tafiya.

Ɗan Sarkin Baka, Wase

Ina neman afuwar Baba na Kubwa, amma akwai inda ban gamsu ba. Idan mutum ya karanta bayaninsa zai iya ɗauka cewa mu ba mu taɓa sanin ƙa'ida ba sai da Bature ya rubuta ta. Mahaifina ya riƙe sarautar baka, kuma na tashi na ga ba a fita farautar gayya sai an kawar da amfanin gona ciyawa ta bushe, ba a shiga dajin wani gari sai da izinin sarkin dawansa, kuma maharbin da ya kashe mariya mai ciki ko mai goyo yakan sha kunya a gaban 'yan'uwansa. Waɗannan dokoki ba a takarda suke ba, amma an bi su.

A ganina abin da ya karya mu shi ne dajin kansa ya tafi. Kolorado faɗinta ya kusa kashi ɗaya cikin uku na Nijeriya, mutanenta ba su wuce miliyan 6 da wani abin kirki ba, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙasarta mallakar gwamnatin tarayya ce da ba a nomawa. Mu mun haura miliyan 200. Inda mahaifina ke kwanton ɓauna yau gonar masara ce, wani wajen kuma masu gawayi sun share shi, sauran dajin da ya rage ɓarayi sun mamaye, har mafarautanmu da dama sun koma aikin sintiri. Ko da ba a harba harsashi ɗaya ba, gwanki ba zai zauna a gonar masara ba. Ga kuma talauci: mai harbin elk yana da albashinsa, namu kuwa naman da ya ƙyafe ya kai bakin titi shi ne kuɗin makarantar 'ya'yansa.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji, Kubwa, Abuja

Gaskiyarka, ɗana, kuma ban yi nufin rage darajar iyayenku ba, domin mafi iya bin sawu da na yi aiki da su 'ya'yan maharba ne. Na yarda cewa rashin daji ya fi harsashi kisa. Inda nake nan a kan bakana shi ne kasuwa. Ƙa'idar sarkin baka ta yi aiki ne lokacin da ake harbi da kwari da baka ko adaka don tukunyar gida, amma da aka samu fitilar goshi da tarkon waya da mai sayen nama daga birni, ba ta iya riƙe mutane ba, kamar yadda Amurka ma ba ta farfaɗo ba sai da ta rufe kasuwar. Kuma ba duka ne ya tafi ba. Yankari, wadda aka keɓe a 1956, tana da faɗin murabba'in kilomita sama da 2,200, har yanzu akwai gwanki da gwambaza da ɓauna a cikinta, ga Gashaka-Gumti, ga Pandam a jihar Filato. Da za a riƙa ƙirga dabbobin waɗannan wurare kowace shekara, a ɗauki 'ya'yan maharba aikin gadi da albashin da ke zuwa kan lokaci, da an ga bambanci.

Jikan Maharbi, Unguwar Rogo, Jos

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa ƙanen nawa duk abin da kuka rubuta ta waya daren jiya. Ashe bai yi kwas ɗin da Likita ta ambata ba, don haka mun yi shawara bana zai bi su ɗan rakiya ne kawai, ya taya su ɗaukar nama ba tare da ya taɓa bindiga ba, kuma ya ce zai je wurin limaminsu ranar Juma'a kan maganar cin naman. Na roƙe shi ya ɗauko mini sautin kukan namijin idan ya ji shi. Ɗan Sarkin Baka, idan Allah ya kai mu hutun Disamba zan kai yarana Yankari su ga gwanki da idonsu, kuma zan so mu haɗu ka nuna musu yadda ake bambance sawunsa da na kanki.