Neman shawara: takardu masu kalmar sirri sun daina buɗewa tun da wayata ta sabunta kanta

Malama daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana waya ku agaza min. Ni ce ma'ajin adashen malaman makarantarmu, kuma duk lissafin yana cikin wayata, Android ce. Kwanan baya ta nemi a sabunta ta, na bar ta a caji da dare ta yi abinta. Tun daga nan abu biyu suka tsaya min. Akwai takardar bayanin asusu da banki ke turo mana ta imel duk wata, PDF ce mai kalmar sirri. Da ina taɓa ta sai gurbin rubuta kalmar ya fito. Yanzu ko gurbin babu, sai fari fat, wani lokaci ma ta ce fayil ɗin ya lalace. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne fayil ɗin Excel da nake rubuta zubin kowa da sunan wanda ya kwasa. Shi yana tambayar kalmar, in na rubuta ya ce ba ita ba ce. Ni na sa kalmar nan da hannuna, ban canza ba, ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta. Ranar Asabar muke zama, kuma kun san yadda maganar kuɗin jama'a take. Wani yaro a layinmu ya ce in kai a yi mata filashin. In kai?

Mai gyaran waya, PZ:
Wa alaikumus salam. Malama, don girman Allah kar ki kai. Sana'ata ce, in kin kawo kuɗi zan samu, amma filashin share waya yake yi tas, har da fayil ɗin da kike neman cetowa. Bayan an gama kuma wayar za ta nemi imel da kalmar sirrin Google ɗin da ke kanta a da, in ba ki tuna ba kin shiga wata sabuwar wahala. Kafin ki taɓa komai, ki tura fayil ɗin Excel ɗin zuwa imel ɗinki yadda yake a kulle, ki kuma tura wa wani amintacce a gida. Sai a yi sauran magana hankali kwance.

Ɗalibin kwamfuta, Samaru:
Anti, ki kwantar da hankalinki, da wuya a ce takardunki sun lalace. Kwaɗon yana jikin akwatin ne, ba a ƙofar ɗakin ba: kalmar sirrin a cikin fayil ɗin take, sabunta waya ba ya shiga ciki ya sauya ta. Abin da yakan sauya shi ne manhajar da ke buɗe fayil ɗin, da kibod, da izinin da manhajoji ke da shi.

Maganar PDF kusan na tabbata manhaja ce. Bayan sabuntawa waya takan manta wadda kika zaɓa tun farko, ta miƙa takardar ga wata ƙaramar manhaja da ta zo da ita. Da yawa daga irin waɗannan sun dogara ne da abin nuna PDF da ke cikin Android kansa, shi kuwa bai fara buɗe mai kalmar sirri ba sai a Android 15 da ya fito a 2024. In aka ba irin wannan manhaja takarda a kulle, ba ta san ma ta tambayi kalma ba, sai ta nuna fari ko ta ce ya lalace. Akwai kuma bambancin kulli. Tsofaffin PDF da wani tsari mai suna RC4 ake kulle su, na yanzu kuma da AES-256, wanda ya shigo PDF a 2008, kuma ba kowace manhaja ce ta san duka biyun ba.

Ki sauke Adobe Acrobat Reader daga Play Store, kyauta ne. Kar ki buɗe takardar daga cikin imel kai tsaye. Ki fara sauke ta cikin waya, ki je inda take, ki danne ta har zaɓi ya fito, ki taɓa Open with, ki zaɓi Adobe. In wayar ta nace sai waccan manhajar, ki shiga Settings, sai Apps, ki nemo ta, ki goge zaɓin da ya mai da ita ta dindindin. Ki kuma duba girman fayil ɗin. In kin ga 0 KB ko wani abu ɗan mitsitsi, bai gama sauka ba ne, da irin netiwok ɗinmu ba abin mamaki ba ne, ki sake saukewa.

Ɗan Kwangila:
Duk wannan dogon turanci na mene ne? Akwai shafuka a intanet da za ki ɗora fayil su cire miki kalmar cikin minti ɗaya. Ni haka nake yi.

Tsohon ma'aikacin banki, Gyallesu:
A'a ɗana, wannan shawara ban yarda da ita ba. Takardar asusu tana ɗauke da suna, lambar asusu, adireshi, da duk shige da ficen kuɗi. Wanda ya riƙe waɗannan zai iya kiran Malama ya ce daga banki yake, ya karanto mata cinikinta na makon jiya, ta yarda da shi ta ba shi lambar da aka turo mata. Haka ake kwashe wa mutane kuɗi. Kuma wannan ba asusunta ita kaɗai ba ne, amanar malamai ce. Ban da haka, yawancin shafukan sai ka ba su kalmar da kanka kafin su cire ta, wato ka haɗa musu takarda da mabuɗi. Malama, ki sake karanta imel ɗin da takardar ta zo a ciki, a nan banki ke faɗin yadda kalmar take, kuma sukan sauya tsari. In abin ya ƙi, ki shiga reshe da katin shaida su buga miki a takarda, sai dai akan caji kuɗin bugawa.

Ɗan Kwangila:
To Baba, na ji. Ni dai takardun makaranta nake ɗorawa, ba na banki ba.

Uwargida daga Hanwa:
Ni ta ɓangaren Excel ɗin zan yi magana, don tunda yana tambayar kalma, manhajar lafiyarta ƙalau, abin da ke shiga gurbin ne ba daidai ba. Mun sha wannan a gidanmu. Kalmar maigida tana da 'yar alamar nan da ke cikin Sa'adatu ko jama'a. Ashe iri biyu ce, akwai miƙaƙƙiya akwai lanƙwasasshiya, ido ba ya rabewa amma na'ura tana rabewa. A iPhone tun iOS 11 akwai wani saiti, Smart Punctuation, da ke mai da miƙaƙƙiyar lanƙwasasshiya da kansa. Na san taki Android ce, amma ki duba ko kibod ɗinki ne aka sauya. Babban baƙi da ƙarami ma ba ɗaya ba ne a wurin Excel, kuma wani kibod ɗin yakan ƙara fili a ƙarshen kalma in ka taɓa wadda ya kawo maka a sama.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Doka:
Ƙari a kan na Hajiya. Mu masu kibod ɗin Larabci a waya, lambobinsa daban ne da na boko a wurin na'ura, ko da ƙimarsu ɗaya ce. In kalmar tana da lamba, a tabbata a kan na boko ake. Allah ya warware.

Ɗalibin kwamfuta, Samaru:
Dabarar gane wannan mai sauƙi ce, Anti. Tunda gurbin kalmar ɗige-ɗige yake nuna miki, ki buɗe inda kike ajiye rubutu, ki rubuta kalmar a fili, ki duba ta baƙi bayan baƙi, ki gyara, sannan ki kwafa ki liƙa a gurbin. Da ta buɗe ki goge rubutun. Ki tabbata kuma da manhajar Microsoft Excel ɗin kanta kike buɗewa, kuma ita ma kin sabunta ta. In duk ya ƙi, ki gwada a kwamfuta, ko ta makarantarku, amma ba ta shagon intanet ba. Gaskiyar da ya kamata ki sani ita ce, in kalmar ce ta ɓace da gaske, Microsoft da kansu sun ce ba sa iya dawo da ita. Shi ya sa maganar mai gyara ta ajiye kwafi ta fi komai.

Malama daga Tudun Wada:
Alhamdu lillahi, Allah ya saka muku da alheri, duka biyun sun buɗe. Ta bankin, ina sa Adobe gurbin kalmar ya fito. Excel kuwa Hajiyar Hanwa ce ta gano shi. Kalmata tana da ɗ a ciki. Kibod ɗin da nake amfani da shi a da yana da Hausa, sabuntawar ta mayar da ni kan wani wanda ba shi da ita, in na danne d sai ya ba ni wani d mai 'yar sanda a gicciye, ni kuma ɗige kawai nake gani. Da na rubuta a fili na ga abin. Na koma Gboard na ƙara Hausa a cikin harsuna, shi ke nan. Yaron filashin kuwa zai ji daga gare ni.

Mai gyaran waya, PZ:
Madalla. Ki bar yaron, abin da ya ji ana faɗa ya faɗa. Amma Malama, yanzu duk zauren nan ya san kalmarki tana da ɗ, kuma ban san ko akwai 'yan adashenku a cikinmu ba. Ki canza ta kafin Asabar. A kwamfuta za ki buɗe fayil ɗin, ki shiga File, sai Info, sai Protect Workbook, sai Encrypt with Password, ki goge tsohuwar ki sa sabuwa, ki adana, sannan ki sa sabon kwafin a waya da imel ɗinki a madadin tsohon. Ki yi ta doguwa, amma da baƙaƙe da lambobin da kowane kibod ke da su, ban da masu ƙugiya. Ki rubuta ta a takarda ki ba shugabar adashen ta ajiye a ambulan, don ko wayar ce ta faɗa ruwa a samu mai buɗe kwafin da ke imel.