Labarinmu a tsohuwar Alƙahira yake, me zan dafa, me zan kunna?

Makaranciya ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Muna da 'yar ƙungiyar karatu ni da ƙawayena, kowane wata mu ɗauki littafin labari guda, mu karanta, mu haɗu mu tattauna. Wannan karon ni ce mai masauki. Littafin da ke hannunmu labarin wani iyali ne a tsohuwar Alƙahira, unguwannin da ke kewaye da masallacin Husaini da kasuwar Khan al-Khalili, daga ƙarshen yaƙin duniya na farko zuwa boren 1919, lokacin da Turawan Ingila suka kori Sa'ad Zaglul, jagoran masu neman 'yancin Masar, zuwa tsibirin Malta, gari ya rikice.

Abin da ya kama ni a littafin shi ne yadda kusan komai ke faruwa a gaban abinci ko gahawa. Uwa ta tashi tun kafin asuba ta kwaɓa burodi, 'ya'ya su kewaye ta da yamma ana shan gahawa ana hira. Ina so ranar haɗuwarmu ƙawayena su shigo su ji ƙamshin gidan nan kafin a buɗe shafi ko ɗaya. Na yi niyyar dafa koshari (haɗin shinkafa da taliya da wasu ƙananan wake) tunda shi kowa ke ambata in an ce Masar, in kuma sa waƙoƙin shahararriyar mawaƙiyarsu, Ummu Kulsum. Waɗanda suka san ƙasar, hakan ya yi? Me kuma za a sha?

Tsohon Ɗalibin Azhar ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin yi tunani mai kyau, amma ki duba shekara, kada ki tsaya ga gari kaɗai. A 1919 Ummu Kulsum yarinya ce a ƙauye, sai farkon shekarun 1920 ta koma Alƙahira, gidan rediyon gwamnatin Masar kuwa sai 1934 aka buɗe shi. Waƙoƙinta masu cin awa guda, da mutane ke zama su saurara daren Alhamis ta farkon wata, na wani zamani ne can gaba. Mutanen littafinki ba su san su ba.

Muryar 1919 ita ce ta Sayyid Darwish, ɗan Iskandariya, wanda aka haifa a 1892 ya rasu a 1923 yana ɗan shekara 31. Ya yi wa 'yan dako da masu sayar da ruwa da ma'aikata waƙa, kuma masu zanga-zanga sun rera waƙoƙinsa a titi. Karin da ya tsara ne ma ya zama taken ƙasar Masar a 1979. Ki nemi tsofaffin faifansa a YouTube. Za ki ji ƙarar allura a kan faifai, kada ki guje ta, haka masu garmaho suka ji shi a lokacin.

Batun abinci, koshari na titi ne, na mai sauri. Gida irin wanda kika kwatanta, ful za ki samu a kan tire da safe. Waken ful, wani irin babban wake, ake jiƙawa, a bar shi a tukunya mai siririn wuya a kan wuta kaɗan-kaɗan har gari ya waye. A tsohuwar Alƙahira ma a tokar murhun gidajen wanka na haya ake binne tukwanen su kwana. In ya nuna lugub sai ki ɗan daddanna shi da cokali, ki zuba man zaitun, ki matsa lemon tsami, gishiri, kamun (kayan ƙamshin da ake kira cumin), tafarnuwa kaɗan. Ba a cin sa da cokali, da burodi mai faɗi ake dangwala, kowa hannunsa a kwano ɗaya. Ni dai har yau in na ji ƙamshin kamun da lemon tsami sai in tuna lungunan bayan Azhar da sanyin safiya.

Maman Husna ta amsa:

Malam ya gama magana kan ful. In haɗuwar da rana ce, ki ƙara da mulukhiyya, wato miyar lalo. Sirrinta a ƙarshe yake: ki daka tafarnuwa da busasshen kusbara (kayan ƙamshin da ake kira coriander), ki soya a man shanu har ya yi ja, ki juye a tukunyar tana kan wuta ta yi cuuu, ki sauke nan take. In ta daɗe tana tafasa ganyen zai kwanta ƙasa, yauƙin ya tsinke. Da farar shinkafa da kaza ake ci.

Na sha kuwa, karkade ne, sobo ke nan, da sanyi ko da zafi, ko ruwan tsamiya. Amma gahawa dole ce tunda ita ce zuciyar zaman iyalin. A ƙaramin tulun ƙarfe mai dogon mariƙi ake dafa ta, garin ya yi laushi sosai, kuma tun a wuta ake sa sukari, don haka ki tambayi kowa tun da wuri: sada (babu sukari), mazbut (daidai), ko ziyada (mai yawa). Kada ki bari ta tafasa, da kumfa ya taso ki sauke.

Yaya Babba ya amsa:

Ni ina da ja a kan kiɗan. Na taɓa zama a taron karatu da aka bar waƙa tana tashi daga farko har ƙarshe, aka tashi ba wanda ya ji hujjar wani. Murya ba ta haƙuri da wata murya. Ki sa Darwish lokacin da baƙi ke shigowa ana zuba abinci, in an zauna tattaunawa ki kashe, ko ki bar kiɗan ud da ƙanun (kayan kiɗan Larabawa masu tsirkiya) zalla can ƙasa-ƙasa. Sannan kada girki ya cinye ki har ki kasa gama littafin, ƙanwata. Abu biyu sun isa.

Makaranciya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, maganar shekara ta buɗe min ido, don akwai wurin da ɗan gidan ke fita zanga-zanga uwarsa ba ta sani ba, kuma yanzu na san abin da zan kunna kafin mu karanta wannan babin da ƙarfi. Ful da gahawa zan yi, da karkade mai sanyi, mulukhiyya sai wani karon. Maman Husna, in na sami waken ful na gwangwani kawai, minti nawa zan ba shi a wuta kafin in sa man zaitun?