Zan je tafkin da ban sani ba ranar Asabar, me kuka gani a naku zuwan farko?

Ɗan Yawuri: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A bakin Kwara na tashi, fatsa da birgi ba baƙina ba ne. Amma tun da karatu ya kawo ni Ingila ban jefa ƙugiya a ruwa ba. Asabar mai zuwa zan je wani tafki kusa da Doncaster, irin wanda ake biyan kuɗin yini ɗaya a zauna a yi kamu. Ban taɓa ganin wurin ba, kifayen ma ban san halinsu ba. Don Allah wanda ya taɓa zuwa baƙon tafki ya faɗa mini abin da ya tarar.

Kawun Birmingham: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin maganar kifi, ka sani takarda biyu ce. Kuɗin da za ka ba mai tafki daban, lasisin sandar kamu na hukumar kula da muhalli daban. Duk wanda ya kai shekara 13 sai da shi a Ingila da Wales, ana saye ta intanet, akwai na kwana 1, na kwana 8 da na shekara. Tarar rashinsa tana iya kai fam 2,500.

Sai abin da ya fi ba ni wuya a zuwana na farko: kifin ba naka ba ne. Na kama wani kifi mai ƙiba da ake kira kaf, bayansa kamar ruwan zinariya, zuciyata har ta kai shi tukunya. Dattijon da ke kusa da ni ya taso ya nuna mini yadda ake kwantar da shi a kan jiƙaƙƙiyar tabarmar soso, a zare ƙugiya, a riƙe shi cikin ruwa har ya motsa wutsiya ya tafi. Mai tafkin da kuɗinsa ya sayi kifayen ya zuba, ɗauka ba da izininsa ba sata ce a dokarsu. Na daɗe ina jin abin a raina, amma da na ga yara suna murnar kama kifin da wani ya mayar, sai na gane dalilinsu.

Baban Amira: Kawu ya gama maganar doka. Ni kuskurena na wuri ne. Ranar farko na zauna a dandamalin da ya fi kusa da inda na ajiye mota, na yi ta cilla ƙugiya tsakiyar ruwa tun safe har azahar, ko taɓawa babu. Zuwa na biyu na bar kaya a mota, na zaga tafkin gaba ɗaya a ƙafa, a hankali. Abin da na gani ya isa: iska tana kaɗawa daga kudu maso yamma, ta tara ganye da kumfa a lungu guda, ruwan wurin ya ɗan yi duhu kamar an dama. Gindin ciyawar bakin ruwa tana girgiza alhali ba iska ce ke taɓa ta ba. Ƙananan kumfa kuma suna tasowa jere, kamar an huda ƙasa da allura. Wani ya ce mini kifin tenci ne ke tonon laka. Nan na zauna.

Kafin in sa koto sai da na auna zurfi. Ana maƙala wani ɗan nauyi a ƙugiya a sauke, a yi ta matsar da fulot, wato ɗan abin da ke yawo a saman ruwa yana nuna an taɓa koto, har kansa kaɗai ya rage a sama. A nan na gano cewa taku biyu daga gaɓa akwai gangare, daga ƙafa biyu ruwan ya faɗa zuwa huɗu. A gindin gangaren na kama duk kifin ranar, tsawon sanda ɗaya daga ƙafata. Idan sanyi ya shigo lissafin yana canzawa, iskar gabas mai sanyi korar su take yi, sai ka nemi inda ruwa ya kwanta kuma rana ke bugawa.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena, ni yara ne suka ja ni. Ka kula da koto. Za su ce maka naman gwangwani da ake yankawa ƙanana yana kama kaf sosai, gaskiya ne, amma yawancinsa alade ne. Mu masarar gwangwani muke ɗauka, da burodi, da tsutsa da ake aunawa da kofi a shagon kayan kamu. Tana ma tana aiki, ita dai ka san ta tun gida. Kuma kada ka zuba da yawa. Ɗana ya taɓa juye rabin roba lokaci guda, kifi suka ƙoshi suka bar mu zaune. Yanzu ƙwaya biyar ko shida muke watsawa duk bayan 'yan mintuna, wuri ɗaya.

Baban Amira: Na manta: ka kira masu tafkin kafin ka fita. Ranakun Asabar da Lahadi ana yawan kama wa masu gasa wuri. Na taɓa yin tafiyar awa guda na tarar an rufe rabin tafkin.

Ɗan Yawuri: Na gode ƙwarai. Kawu, na ga an rubuta a dokokin tafkin sai da koma busasshiya, kuma ban da ƙugiya mai ƙaya. Mene ne dalili?

Kawun Birmingham: Cuta suke gudu. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira KHV, tana kashe kaf idan ruwa ya yi ɗumi, jiƙaƙƙiyar koma tana iya ɗauko ta daga wani tafki zuwa wani. Shi ya sa wasu ke ajiye duro da magani a bakin ƙofa, ka tsoma komarka kafin ka shiga. Ƙugiya marar ƙaya kuma ba ta yaga bakin kifin da za a sake kamawa gobe. Haka nan ƙananan dalma da ake maƙalawa a zare don nauyi, an hana yawancinsu tun 1987 saboda manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya suna haɗiya su mutu. Ka gaishe da mai karɓar kuɗi, ka tambaye shi kai tsaye wane lungu ne ya yi kyau jiya. Kullum yana zagaya ruwan, kuma so yake ka kama don ka dawo.

Ɗan Yawuri: Alhamdulillahi, na je na dawo. Mai karɓar kuɗin ya tura ni gefen wani ɗan tsibiri. Na auna zurfi kamar yadda Baban Amira ya ce, na sa masara ƙwaya ɗaya. Wasu kifaye da ake kira birim na kama guda huɗu, masu faɗi kamar faranti, yauƙinsu ya cika mini koma. Da na tashi sallar la'asar na fitar da ƙugiya daga ruwa, don an ce ba a barin sanda ita kaɗai. Ina dawowa na sauke ta a gindin ciyawa, fulot ya nutse, zare ya miƙe sai tsibiri. Minti goma muka yi da shi. Kaf ne. Hannuna na rawa na jiƙa tabarma, na zare ƙugiya, na riƙe shi a ruwa yadda Kawu ya kwatanta har ya kaɗa wutsiya ya shige ƙarƙashin ganye.