Tambaya: ta yaya zan haɗa PS2 da Sega da tsohuwar monitar kwamfuta?

Abban Sadik, Kurna

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu ilimin kayan wuta. Akwai gem biyu da suka daɗe a ajiye a ɗakina: PS2 babba, mai lamba SCPH-50004 a bayanta, da Sega Mega Drive ta farko, mai wurin saka abin kunne a gaba. Dukkansu suna aiki, na gwada su a talabijin ɗin falo. To amma talabijin ɗaya ce a gidan, kuma da magariba ta yi uwargida da yara mata sun mamaye ta. Yaran maza kuwa, tunda suka ga Sonic, sun hana ni sakat.

Ina da monita Dell mai inci 17, shafaffiya, wadda ta rage daga kwamfutar da nake aikin buga takardu da ita a da. Lafiyarta ƙalau, amma rami ɗaya gare ta, shuɗin nan na VGA. Na shiga Sabon Gari wani mai shago ya ba ni waya, gefe ɗaya kan VGA, ɗaya gefen kawuna uku. Na jona, monita ta yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan akwati da ke yawo a fuskarta. Wayar ce ba ta da kyau, ko kuwa abin ne ba ya yiwuwa? Ba na son jefar da kuɗi a kan abin da ba zai yi ba, kuma ina son yaran nan su zauna a gida maimakon bin gidajen gem har dare.

Mai Gyara, France Road

Wa alaikumus salam, Malam. Wayar ba ta lalace ba, kawai ba aikinta ba ne. Babu komai a cikinta sai zaren tagulla, abin da ya shiga ta wannan kai shi zai fita ta wancan. An yi ta ne don wasu na'urori ƙalilan, kamar wasu majigi, da aka ƙera su karɓi irin wannan hoton ta ramin VGA. Monitarka ba ta cikinsu.

Ga inda gizo ke saƙar. Talabijin irin ta da tana zana layi kusan 15,600 a daƙiƙa ɗaya, shi ne ake cewa 15 kHz, kuma da wannan saurin Sega da PS1 da mafi yawan wasannin PS2 suke fitar da hoto. VGA kuwa tun da IBM ta fito da shi a 1987, mafi ƙarancinsa kusan 31 kHz ne, ninki biyu ke nan. Duk abin da ya gaza haka, yawancin monitoci ba sa ma ɗaukarsa a matsayin hoto. Sannan wayar AV da kake jona gem da talabijin, mai kai ruwan ɗorawa, ta cure launi da haske da siginar daidaita hoto a zare ɗaya, alhali VGA yana son ja daban, kore daban, shuɗi daban, da wasu zaruruwa biyu na daidaitawa. Kamar mutum biyu ne da ba sa jin yaren juna, tafinta suke buƙata a tsakani.

Tafintan shi ne akwatin da ake kira kwanbata AV zuwa VGA. Yana da tasa wutar, yawanci 5V. Ka saka kai mai ruwan ɗorawa a gefe ɗaya, VGA ya fita ta ɗaya gefen. Idan za ka saya ka duba kibiyar da kyau, domin akwai mai yin akasin haka, VGA zuwa AV, kamanninsu ɗaya, kuma ba ya aiki a juye. Ka tafi da Segar shagon a gwada a gabanka.

Abu biyu kuma. VGA ba ya ɗaukar sauti, don haka jan kai da farin kai sai ka kai su sifika dabam. Sega ɗinka ta sauƙaƙa maka, ka jona sifikar kwamfuta a ramin abin kunnen nan na gaba, har sitiriyo za ka samu, wanda ramin bayanta ba ya bayarwa. Na biyu, lambar 4 da ke ƙarshen SCPH-50004 tana nufin ta Turai ce, mai tsarin talabijin na PAL, 50 Hz, wato tana sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa. Yawancin monitocin ofis na wancan zamani daga wajen 56 Hz suke farawa. Ka tabbatar kwanbatan da za ka saya yana fitar da 60 Hz ko da an ba shi 50.

Baba Ɗanlami, Fagge

Duk abin da Mai Gyara ya faɗa gaskiya ne, amma ni ba zan ba ka shawarar kwanbata mai arha ba. Na riƙe gidan gem shekaru da dama, tun ana layi a kan Mortal Kombat har aka koma Winning Eleven, kuma na ga yadda akwatunan nan suke yi wa hoto. Sega tana zana layukanta a wuri ɗaya sau 50 ko 60 a daƙiƙa, abin da ake kira 240p. Akwatin kuwa yana ɗauka hoton tashar talabijin ne, mai zuwa rabi-rabi, sai ya riƙa tara biyu yana haɗewa. Sakamakon haka, gefen abubuwa ya yi haƙora kamar matsefi in allo yana gudu. Ka lura da Sonic lokacin da aka buge shi zobba suka watse: ya kamata ya riƙa ƙyaftawa, amma a irin wannan akwati ko ya ɓace ɗungurungum ko ya tsaya da zane-zane a jikinsa. Ga jinkiri. Ka danna tsalle, sai bayan ƙiftawar ido ya tashi. Babba zai iya haƙuri, amma yaro zai yi ta faɗawa rami bai san dalili ba, ya ce hannun gem ɗin ne ya mutu.

Ɗana, nemi ƙaramar talabijin mai doro, inci 14, wadda ke da ramin AV. Don ita aka yi gem ɗin nan. Ba kwanbata, ba jinkiri, sauti a jikinta, kuma PAL take ci kai tsaye. Masu gyaran rediyo a unguwa da yawa suna da su jibge waɗanda masu su ba su dawo ɗauka ba, 'yan gwangwan ma suna yawo da su a kura. Sai dai ka kunna ta ka bar ta ta ɗau zafi kafin ka biya, ka ga ko hoton yana tsukewa ko launi yana rinewa a kusurwa. Kada kuma ka bari yaro ya buɗe bayanta, tana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare ta daga soket.

Abban Sadik, Kurna

Na gode ƙwarai, Mai Gyara, yanzu na gane dalilin baƙin allon. Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta shige ni, kuma da wuta tsayayya gare mu da ban tsaya wata-wata ba. Damuwata ita ce ƙaramar inbata muke amfani da ita da daddare, batir ɗaya, ga fanka ga fitilu. Mai doro za ta ninka monitar nan shan wuta, kuma lokacin kunna ta tana fizgar wuta da ƙarfi har inbatar ta yi ƙara. Shi ya sa na nace wa monitar. Ɗakin yaran ma ƙarami ne, teburin karatunsu kawai zai ɗauki abin. In akwai hanyar da hoton zai fi na akwatin arha kyau ba tare da kuɗin ya kai na sabuwar talabijin ba, ita nake nema.

Mubarak, Ɗorayi

Kawu, akwai. Ni ɗalibi ne a BUK, kuma abin da nake amfani da shi a ɗaki ke nan. Wani allon kayan lantarki ne, sunansa GBS-8200, asali don injinan gem na kasuwa aka yi shi, tsirara yake zuwa ba murfi. Yana karɓar 15 kHz ya fitar da VGA. Ba ya karɓar kai mai ruwan ɗorawa, kuma alherinsa ke nan, domin dole ka ba shi hoto mai tsabta.

Ga PS2, ka nemi waya mai kai biyar: kore, shuɗi, ja na hoto, sai ja da fari na sauti. Kafin ka cire PS2 ɗin daga talabijin ɗin falo, shiga System Configuration, ka mayar da Component Video Out zuwa Y Cb/Pb Cr/Pr. In ka bar shi a RGB ba za ka ga abin kirki ba, kuma ba za ka ga inda za ka gyara ba. Da wannan wayar rubutun sunayen 'yan wasa a gem ɗin ƙwallo na PES yana fitowa tsaf, ba kamar da ba da yake narkewa. Ga Sega, ramin bayanta mai fil takwas yana fitar da RGB, wato ja, kore da shuɗi daban-daban, tun daga masana'anta, sai dai a haɗa maka waya zuwa allon. Wannan aikin dalma ne, Mai Gyara zai fi ni sanin ƙananan kayan da ake sakawa a hanya.

Gaskiyar Baba tana nan, domin shi ma allon yadda ya zo yana yi wa 240p irin wancan kuskuren. Maganinsa wata manhaja ce kyauta, GBS-Control, da ake ɗorawa a ɗan ƙaramin allo ESP8266 a liƙa a jikinsa. Daga nan jinkirin ya zama ba ka jinsa, Sonic ya dawo yana ƙyaftawa daidai, kuma da wayarka ta hannu za ka riƙa saita shi ta Wi-Fi, har ka zaɓi 1280x1024 wanda shi ne ainihin girman monita mai inci 17. Ka kula da 50 Hz ɗin nan dai: duk wasan da ya tambaye ka 50 ko 60 a farko, zaɓi 60. Kada ka sayi ɗan adaftan PS2 zuwa HDMI da niyyar ƙara masa HDMI zuwa VGA, yawancinsu ba sa ninka layi, 15 kHz ɗin za su miƙa wa monita ka koma gidan jiya.

Mai Gyara, France Road

Mubarak ya kawo hanya mai kyau, in an samu allon, don ba kowane shago ke ajiye shi ba, sau da yawa sai an yi oda. Malam, kafin komai ka duba adaftan wutar Segar. Ta farko tana son tsakiyar fil ɗin ya zama negatif, akasin yawancin adaftocin da ke kasuwa, kuma in asalin nata na Amurka ne ko Japan, wutar 120V ko 100V yake ci, ba 230 ɗinmu ba. Ka karanta abin da ke rubuce a jikinsa ka turo mana, tare da lambar da ke bayan monitar, in duba ko tana karɓar 50 Hz kafin ka yi odar komai.