Ƙanwata za ta koma Blackpool ta Ingila, wa ya san garin?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwata tana aure a Kano, mijinta malamin jinya ne, ya samu aiki a wani asibiti a Ingila, a wani gari da ake kira Blackpool. Shi ya tafi tun bara, yanzu takardunta da na yara biyu sun fito. Shekaranjiya ta zo Damagaram yi wa Inna sallama, tun daga ranar Inna ba ta bar ni na huta ba: wane irin gari ne, akwai masallaci, yaya sanyi? Na duba hotuna a waya, sai teku da wata doguwar hasumiya da fitilu kamar kullum ana biki. Amma mijin ya ce kuɗin haya a can bai kai na Mancesta ba ko kusa. To gari mai kyau haka, me ya sa gidajensa suka yi araha? Don Allah wanda ya sani ya taimake ni da abin da zan faɗa wa tsohuwa.

Ƴar Birni:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Shekara uku na yi a Preston lokacin da maigidana ke karatu, tsakaninta da Blackpool bai fi tafiyar rabin awa a jirgin ƙasa ba. Kusan duk hutu sai mun kai yara.

Abin da ka gani a hoto gaskiya ne. Hasumiyar nan an buɗe ta a 1894, tsawonta mita 158, ta Eiffel da ke Faris suka kwaikwaya. Akwai gadoji uku na ƙarfe da katako da suka kutsa cikin teku, ba sa ƙetarewa ko'ina, don shan iska da wasanni kawai aka gina su. Jirgin lantarki yana bin bakin ruwa tun 1885. Daga wajen ƙarshen Agusta ake kunna fitilun nan, kusan kilomita 10 a jere, mutane su taho daga nesa don kallo. Har jakuna akwai a kan rairayi, ana biyan kuɗi a ɗora yara. Ɗana ƙarami da ya gansu cewa ya yi na Kasuwar Dole ne aka kawo.

Amma ka bar bakin teku ka shiga layi biyu ko uku a baya, nan zuciyata ta sosu. Manyan gidaje masu hawa uku, da masaukan baƙi ne, yanzu an yanyanka su ɗaki-ɗaki ana ba da haya. Fenti ya zube, shaguna da yawa a rufe, ga samari da shaye-shaye ya gama da su. Garin yana cikin waɗanda suka fi talauci a Ingila. Amsar arahar da kake tambaya ke nan.

Ka gaya wa ƙanwarka kada su karɓi gida sai sun duba bango da bayan kabad. In da baƙin fumfuna, su bar shi ko kyauta ne, don laima ce ke sa wa yara tari. Su tambayi kuɗin ɗumama gida kuma, domin iskar teku a watan Janairu ba irin hunturunmu ba ce, da ruwa take zuwa, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Sai maganar teku: sau biyu a yini ruwan ke janyewa nesa ya bar fili, in ya tashi dawowa yakan zagayo ta bayan mutum. Kada ta saki hannun yara a wurin.

Masallaci akwai a garin. Nama na halal da kayan miya kuwa, Preston da Blackburn cike suke da Musulmi, ba za ta rasa ba.

Malamin Lise:
Hajiya ta yi bayani. Bari in ƙara abin da ya haifar da wannan hali. Blackpool ƙaramin ƙauye ne har jirgin ƙasa ya iso a 1846. Yankin Lankasha a lokacin cike yake da masana'antun saƙa auduga, kuma kowane gari yana da makon da ake rufe masana'antunsa baki ɗaya. Sai leburori su kwashi iyalansu da ɗan abin da suka tara shekara guda, su sauka bakin teku. Wannan gari ya gama makonsa, wancan ya shigo. Wato da kuɗin talaka aka gina Blackpool, shi ya sa ƙananan masaukai suka yi yawa haka. Daga shekarun 1960 masana'antun suna ta mutuwa, jirgin sama kuma ya yi sauƙi, Bature ya gane zai iya zuwa Sifaniya inda rana take. Ɗakuna suka rage babu baƙi.

Ni abin yana tuna mini garinmu. Damagaram ce babban birnin Nijar daga 1911 har 1926 da aka mayar Yamai. Gine-gine suna nan, fada tana nan, mutane ba su daina son garinsu ba, amma abin da ke kawo kuɗi ya koma wani wuri.

Ɗan Zango:
Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Inna duka bayan isha'i. Maganar laima ta fi damunta, ta sa na kira mijin nan take, ya ce zai ɗauko hoton bangon ɗakin yara ya turo. Yanzu kuma ta ce a sayo kilishi da cuku a cika mata jaka.

Ƴar Birni:
A'a, kada ku yi asarar kuɗinku. Dokarsu ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a karɓe. Kuɗin kilishin a saya wa yara safa da huluna masu kauri, rigar ruwa kuwa mijin ya tanada kafin su sauka.