Tambaya kan 'yancin addini da riƙon yara a Amurka

Hadiza:
Assalamu alaikum. Ina neman wanda zai warware mini wani lamari da ya ɗaure mini kai. Tun a 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi a faɗin ƙasar, kuma na ji cewa masu irin wannan aure suna da ikon ɗaukar riƙon yara. To, ta yaya wasu ƙungiyoyin addini da ke sada marayu da masu riƙo suke ƙin karɓar takardunsu, alhali da kuɗin gwamnati suke aiki? Doka ce ta ba su wannan dama, ko kuwa hukuma ce ta kawar da kai?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Haƙƙoƙi biyu ne suka yi karo. Gaskiya ne cewa babu jihar da ke haramta wa masu auren jinsi riƙon yara a yanzu, domin Mississippi, wadda ita ce ta ƙarshe, kotun tarayya ta soke dokarta a 2016. Amma kuma kundin tsarin mulkin ƙasar ya kare 'yancin addini, kuma a kansa ƙungiyoyin suke dogara.

Shari'ar da ta fi fito da wannan fili ita ce ta birnin Philadelphia. A 2018 hukumar birnin ta daina tura yara ga wata ƙungiyar cocin Katolika da ta daɗe tana wannan aiki, saboda ƙungiyar ta ce aƙidarta ba za ta bar ta ta tantance masu auren jinsi a matsayin masu riƙo ba, kamar yadda ba ta tantance namiji da macen da ke zaman dadiro. A watan Yunin 2021 alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka goyi bayan ƙungiyar baki ɗaya. Sai dai a lura da hujjar da Alƙalin Alƙalai John Roberts ya kafa: kwangilar da birnin yake ƙullawa da irin waɗannan ƙungiyoyi ta ba wa kwamishinan da ke kula da wannan aiki ikon yi wa wanda ya ga dama sassauci, saboda haka ba za a hana mai uzurin addini wannan sassauci ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Hukuncin ya tsaya ne a kan lafazin wannan kwangila, shi ya sa har yanzu kowace jiha da tata hanyar.

Malama Ladi:
Malam Bashir ya yi bayani mai gamsarwa. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne makomar yaran idan aka matsa wa ƙungiyoyin har suka janye. A 2006 ƙungiyar agajin Katolika ta Boston ta daina aikin bayar da riƙo gaba ɗaya maimakon ta saɓa wa aƙidarta. A Birtaniya ma, bayan dokar hana wariya ta 2007, an ba ƙungiyoyin Katolika wa'adi zuwa ƙarshen 2008, wasu suka rufe, wasu suka raba gari da cocin. Amurka, wadda a 2021 take da yara kusan dubu 400 a hannun masu riƙo na wucin gadi, ba ta da dalilin korar wanda ya zo taimako.

Malam Usman:
Malama Ladi, na fahimci damuwarki, amma wannan hujja tana da kaifi biyu, domin masu adawa ma da ita suke kafa tasu, suna cewa duk gidan da aka mayar gida ne da yaro ya rasa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Dokokin da jihohi irin su Texas a 2017 da Tennessee a 2020 suka kafa ba su taƙaita a kan masu auren jinsi ba, sun ba ƙungiya damar ƙin duk abin da ya saɓa wa aƙidarta. A Tennessee ɗin, wasu ma'aurata Yahudawa, miji da mata, sun nemi horon da ake bukata kafin a ɗauki riƙo, wata ƙungiyar Kirista mai karɓar kuɗin jiha ta mayar da su saboda addininsu, har maganar ta kai kotu a 2022. Abin da ya sami Bayahude zai iya samun Musulmi. A ganina, ƙungiyar da ke aiki da kuɗinta tana da 'yancin zaɓe, amma wadda ta karɓi harajin kowa da kowa ta shiga wani hali daban.

Malam Bashir:
Haka ne, Malam Usman. Shi ya sa dokar Texas ta wajabta wa ƙungiyar da ta ƙi mutum ta nuna masa inda zai je a karɓe shi. A babban birni mai ƙungiyoyi da yawa wannan yana iya wadatarwa, amma a ƙaramin garin da ƙungiya ɗaya ce tak, wanda aka mayar sai ya yi doguwar tafiya, yaron kuma yana nan yana jira.